Rogo Mai Ruwan Ɗorawa: Tsakanin Gonar Gwaji da Tukunyar Talaka



Abin da aka nemi mu yi magana a kansa yau shi ne rogo. Mun san akwai waɗanda za su ce a ransu, duk manyan matsalolin da suka addabi ƙasar nan ba a ga abin tattaunawa ba sai rogo? To, waɗanda suka taɓa kai ƙarshen wata a ɗakin kwanan ɗalibai ba za su yi wannan tambaya ba, don sun san darajar garin kwaki da ƙuli da ɗan sukari. Nijeriya ita ce kan gaba a duk duniya wajen noman rogo, abin da take haƙowa a shekara ya kai wajen tan miliyan 60. Daga teba zuwa alabo, daga fufu zuwa ɗanwaken da ake haɗa garinsa da na rogo, da wuya a sami gidan da wannan saiwa ba ta shiga. Alhali kuwa asalinta baƙuwa ce, Turawan Fotugal ne suka ɗauko ta daga Barazil suka kawo ta gaɓar Afirka tun cikin ƙarni na 16.

Rogo yana da halin da ya sa talaka ya riƙe shi. Yana jure fari, yana yi a ƙasar da ta gaji, kuma ana iya barinsa a cikin ƙasa har sai ranar da aka bukace shi. Amma yana da aibi guda babba, watau cika ciki kawai ya iya. Farin rogo sitaci ne zalla, abin gina jiki a cikinsa ƙalilan ne, bitamin A kuwa kusan babu. Yaron da abincinsa ya zama gari safe da dare zai ƙoshi, amma jikinsa yana cikin wata yunwa da ba a ji a ciki. Rashin bitamin A shi ne ke kawo dundumi, idan ya yi tsanani ya kai ga makanta. Har ila yau yana raunana garkuwar jiki, yadda ƙyanda ko gudawa za ta kayar da yaron da in da yana da ƙarfi sai ya tashi. Binciken abinci na ƙasa da aka yi tsakanin 2001 da 2003 ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 suna fama da wannan rashi.

Ba a zauna haka nan ba. Ana ɗiga wa yara bitamin A a lokutan rigakafi, kuma tun 2002 gwamnati ta wajabta wa masana'antu su riƙa zuba shi a cikin sukari da fulawa da man girki. Sai dai mutumin ƙauye da yake cin abin da ya noma, sau nawa yake sayen fulawar kamfani? Daga wannan tambaya ne wata dabara ta fito: maimakon a bi mutum da magani, a sa maganin a cikin shukar da ya saba ci. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Howarth Bouis, shi ne ya yi ta fafutukar wannan ra'ayi, har aka kafa shirin HarvestPlus a 2003. A 2016 aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya tare da wasu masana uku da suka yi irin wannan aiki a kan dankali mai ruwan lemo.

A nan gida, aikin ya faɗa hannun cibiyoyi biyu: cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, da cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya. Suka ɗauki rogo mai rawayan ciki wanda asalinsa daga Kudancin Amurka yake, suka yi ta aurar da shi da irin da ya saba da ƙasarmu da cututtukanmu, suna zaɓe shekara da shekaru. Ya kamata mu jaddada wannan, domin akwai masu tsammanin an cusa masa ƙwayar halittar wani abu ne a ɗakin gwaji. Ba haka ba ne, auren furanni ne da zaɓen iri irin wanda aka sani. Launin kuwa na wani sinadari ne da ake kira karotin, wanda yake cikin karas da mangwaro da manja, shi ne jiki yake juyawa ya koma bitamin A. A ƙarshen 2011 aka fitar da iri uku na farko, aka sa musu suna UMUCASS 36 da 37 da 38, aka ƙaddamar da su a 2012 zamanin da Dokta Akinwumi Adesina yake Ministan Aikin Gona. An ƙiyasta za su iya biyan kashi 25 cikin 100 na bukatar mace ko yaro ta yini. A 2014 wasu uku suka biyo baya, UMUCASS 44 da 45 da 46, waɗanda suka fi rawaya, ƙiyasinsu ya kai kashi 40. Jihohin da aka fara raba itacen su ne Oyo da Imo da Akwa Ibom da Binuwai.

Shin yana aiki? Yana yi. An gwada a Kibwezi ta ƙasar Kenya, inda aka riƙa ba 'yan makarantar firamare dafaffen rogo mai rawaya na tsawon watanni, aka buga sakamakon a 2016. An sake gwadawa da ƙananan yara a wasu ƙauyukan Jihar Osun, aka buga a 2021. Duka biyun sun nuna bitamin A ya ƙaru a jinin yaran. Ƙaruwar ba mai yawa ba ce, kada mu zuzuta, amma ta tabbata.

To, tun da haka ne, me ya sa har yau idan mutum ya zaga kasuwannin gari, fari ne ya cika tasoshi? Gidajen manoma masu yawa sun karɓi itacen, ba mu musa ba. Amma karɓar kyauta daban, sake shukawa a damina ta biyu da ta uku daban. Amsar da muka saba ji daga bakin 'yan boko, har da mu, ita ce wai manomi jahili ne, ba ya son canji, sai an wayar masa da kai. Mu dai mun ƙi wannan amsa, kuma tarihin rogon kansa ya ƙaryata ta. A cikin shekarun 1970 cibiyar IITA, a ƙarƙashin Dokta S. K. Hahn, ta fitar da ire-iren da ake kira TMS, masu jure cutar nan da take sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe. Waɗannan manoma da ake kira jahilai su ne suka yaɗa su hannu da hannu, maƙwabci ya yanko wa maƙwabci, har suka game Kudu. Haka suka yi wa TME 419 bayan fitarsa a 2005. Wanda ya karɓi wancan ba tare da an yi masa lacca ba, in ya ja baya a kan wannan, lalle akwai abin da ya gani.

Abin da ya gani na farko shi ne ruwa. Masu binciken da kansu sun tabbatar cewa a irin rogon Afirka, yawan karotin da yawan gari suna jan juna baya ne: idan launi ya ƙaru, sai saiwar ta cika ruwa, sitaci ya ragu. Ire-iren farko sun yi fama da wannan ƙwarai. Wanda bai taɓa tsayawa a wurin suyar gari ba zai ɗauka ƙaramin abu ne, saboda haka bari mu yi lissafin tare. Kafin rogo ya zama gari sai an fere shi, an wanke, an gurza, an zuba a buhu an danne na kwanaki ya tsane ya yi tsami, an tankaɗe, sa'an nan a soya a kan wuta. Bisa al'ada, kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen rogo ke ba da kilo 1 na gari. Mu ƙaddara, don misali kawai, mace ta sayi lodin rogo kilo 1000. In fari ne mai gari ta sami kilo 250, in mai ruwa ne ta sami kilo 200. Kuɗin mota ɗaya ne, ladan masu fiɗa ɗaya ne, kuɗin injin gurza ɗaya ne, itacen wuta ma sai dai ya ƙaru, tun da ƙona ruwa ake yi. Kilo 50 ɗin nan da ya ɓace, sau da yawa shi ne ribarta gaba ɗaya. Ba sai ta yi karatun tattalin arziki ba kafin ta ce wa manomi, gobe kada ka kawo mini wannan. Manomi kuwa ba shi da damar yin gardama, domin rogo ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira farashi. Da zarar an haƙe shi, cikin kwana 2 ko 3 ya fara baƙi ya lalace. Saboda haka manomi ba ya shuka abin da ya ga dama, yana shuka abin da mai suya za ta ɗauka ne ranar da ya haƙo.

Ga shi kuwa a yawancin tarukan da ake yi, manomi namiji ake kira a ba shi dami a ɗauki hoto. Matar da hukuncin yake hannunta tana can bakin kasko cikin hayaƙi, ba wanda ya tambaye ta ko garin yana kumbura a ruwa, ko tebarsa tana da danƙo, ko ɓawon yana da sauƙin ferewa. Mu a ganinmu wannan shi ne babban kuskuren da aka daɗe ana yi a aikin fitar da iri. Abin farin ciki, masu binciken sun farga. A 'yan shekarun baya sun fara kai sababbin ire-ire wurin mata masu sarrafawa su gwada su jera su bisa ga zaɓinsu, kuma suna ta ƙoƙarin raba launi da ruwa a wajen zaɓen iri. Amma sunan da abu ya fara yi a kasuwa yana da wuyar gogewa.

Na biyu shi ne iri. Mu da muka saba da gero da masara muna tunanin iri abu ne da ake ƙullewa a leda a sa a aljihu. Rogo ba haka yake ba, itacensa ake yankawa a dasa. Ƙwayar masara ɗaya tana haifar da ɗaruruwa cikin wata 3 ko 4, amma tushen rogo ɗaya abin da zai ba ka bai wuce yanka 10 ba, kuma sai ka jira kusan shekara. Hekta ɗaya tana cin tushe wajen 10,000, watau dami 50 zuwa 60. Kaya ne mai nauyi, mai cin wuri a mota, mai bushewa idan ya daɗe a rana. Mutumin da aka ba dami 1 ko 2 na kyauta sai ya yi damina biyu ko uku yana tattali kafin ya cika gona, in akuya ba ta shiga ba, in gara ba ta ci ba, in fari bai kashe ba. Idan ya rasa, ina zai je ya sayi wani? Mafi yawan manoman rogo daga gonarsu ko ta maƙwabci suke samun iri, masu sana'ar sayar da tabbataccen itace ba su yi yawa ba tukuna.

A nan ma akwai wani abu mai ban dariya da ban tausayi. Wajen 2015 da 2016 an yi wani babban bincike a jihohin da suke noman rogo, aka tambayi manoma irin da suka shuka, sa'an nan aka tsinki ganyen aka auna ƙwayar halittarsa. Sai aka tarar da yawa sun ce na gargajiya suke nomawa alhali ingantacce ne, wasu kuma sun ce ingantacce ne alhali na gargajiya ne. Laifin wa? Wane ne zai riƙe suna irin TMS 01/1371 a kansa, balle ya nemi shi a kasuwa? Sai a 2020 aka soma ba ire-iren rogo sunaye irin na mutane da za a iya kira. Ko su ɗin ma da Turanci aka raɗa yawancinsu.

Yanzu bari mu bar gona mu shiga kasuwa, wurin mai saye. A nan ne maganar launi ta fi daɗi. Gari a Kudu iri biyu ne. A ƙasar Yarabawa an fi son fari, mai tsami, mai ƙaras-ƙaras, irin na Ijebu. A ƙasar Ibo da maƙwabtanta kuwa ana zuba manja lokacin sarrafawa, garin ya fito rawaya. Kowa ya zauna ya yi tunani zai ce, ai mutanen Gabas za su rungumi sabon rogon nan take, tun da launin da suka saba ne, kuma an rage musu kuɗin manja, Yarabawa ne za su yi tirjiya. Da aka je aka gwada a ƙauyukan Oyo da Imo, aka ba mutane su ɗanɗana su faɗi abin da za su biya, sai abin ya zo a juye. A Oyo an karɓi wanda launinsa bai yi kauri ba tun kafin a ce komai game da amfaninsa. A Imo kuwa, muddin ba a yi bayani ba, mutane sun fi son nasu na manja. Amma da aka yi musu bayanin bitamin A sau ɗaya tak, a jihohin biyu sai suka yarda su ƙara kuɗi a kan sabon.

Mu abin da muka fahimta shi ne, wanda ya riga ya san rawayan gari yana da ma'aunin da zai auna sabon da shi, ƙamshi da maiƙo da kaurin launi, sai ya ga bai kai ba. Wanda bai saba ba kuwa ba shi da abin kwatantawa. Kuma kada mu manta, manja shi kansa cike yake da karotin. Ashe tsohuwar da take ɗiga shi a kaskonta ta daɗe tana yin abin da masana suka zo yi, ba tare da ta san sunansa ba.

Wannan gwaji ya nuna bayani yana da tasiri, gaskiya ne. Amma kada mu ruɗi kanmu. Abin da mutum zai ce a gaban mai bincike, da cokali a hannu, bayan an gama yi masa bayani, ba lalle ne ya zama abin da zai yi ranar kasuwa ba, sa'ad da kuɗin cefane ya gaza, ga tasoshi goma a jere. Sa'an nan a kasuwar da rawayan gari ya riga ya cika, ta yaya mai saye zai bambanta na sabon rogo da na manja, ko ma na wanda aka zuba wa kala? In ba zai iya bambantawa ba, ba zai ƙara ko sisi ba. In bai ƙara ba, mai suya ba ta da abin cike kilo 50 ɗinta, manomi kuma ya koma wa farinsa. Kun ga zancen ya zagayo inda ya taso.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa a wurin talla ba. Karotin ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son daɗewa. Rogon da aka dafa aka ci nan take shi ne ya fi riƙe amfaninsa. Wanda aka shanya a rana don alabo yana asarar mai yawa. Garin da aka soya kuma, in ya yi watanni a buhu sai launin ya riƙa kodewa, amfanin yana tafiya tare da shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Garin da muke sha a nan Arewa, yawancinsa daga Binuwai da Kogi da jihohin Kudu yake hawo mota, ya kwana a shagon dillali, ya kwana a tasar mai awo, sa'an nan ya zo ya ƙara kwana a akwatin ɗalibi. Wanda ya ce mana rawayan gari zai yi wa yaran Arewa magani, sai mu tambaye shi kwana nawa garin zai yi a hanya.

Amma ta wata fuska muna da sa'a. Mutanenmu sun saba cin rogo dafaffe, a barbaɗa ƙuli da yaji, ko a yi kwaɗonsa da mai, kuma ɗan man nan yana taimakon jiki ya tsotsi karotin. Watau hanyar da muke ci ita ce ta fi dacewa da wannan rogo. Sai dai irin da aka zaɓa domin gari ba lalle ne ya nuna ya yi laushi a tukunya ba, kuma mai tallar rogo a bakin makaranta ba za ta ɗora abin da yake da tauri ko ɗaci a farantinta ba. Manominmu kuma yana da nasa lissafin: rogo yana tsallake rani a gona, lokacin da aka saki dabbobi, saboda haka sai da shinge, shinge kuwa kuɗi ne. Ƙila ma ga mafi yawan ƙasar Hausa, masara mai ruwan lemo da dankali mai jan ciki, waɗanda su ma an fitar da su domin wannan manufa, sun fi rogo kusa da tukunyarmu. Wannan magana ce ta wata rana.

Da yawa daga cikin waɗanda suke zaune a ɗakin nan, gobe su ne malaman gona, su ne jami'an lafiya, su ne masu rubuta rahoto a ma'aikata. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Idan an aiko da takarda ana neman adadin manoman da suka karɓi sabon iri, kada a rubuta yawan damin da aka raba a ce an gama. A koma bayan damina biyu a ƙirga gonakin da har yanzu yake tsaye a cikinsu. A sami mai suya a tambaye ta mudu nawa take samu a lodi, a rubuta abin da ta faɗa ko da bai yi wa manya daɗi ba, a aika wa masu fitar da iri. Inda gwamnati take sayen abinci da kuɗin jama'a, kamar makarantun kwana da asibitoci, a ware wani kaso a ce rawayan gari za a saya, sabon suya, a farashin da zai rufe asarar mai sarrafawa. Manomin da ya san akwai mai jiran kayansa a watan da zai haƙa, shi da kansa zai nemo itacen, kamar yadda iyayensa suka nemo TMS.

Shugaban taro ya ɗaga mana hannu, alamar lokacinmu ya cika. Waɗanda suke da tambaya, musamman 'yan'uwanmu na sashen aikin gona da suka fi mu sanin lissafin dami da hekta, fili nasu ne.